Ga 'yan uwa mazauna Cape Town: a kula da kwaɗi a kan titi

Salamu alaikum jama'a. Masu tuƙin dare a unguwannin Noordhoek, Tokai, Bergvliet da Fish Hoek, don Allah a sassauta gudu daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, musamman a Agusta idan ana ruwa. Lokacin ne wani kwaɗo mai zanen damisa, wanda ake kira Western Leopard Toad, yake fitowa daga lambunan gidaje, ya tsallaka kwalta zuwa tafki don hayayyafa. A duk duniya a lardin Western Cape na Afirka ta Kudu kaɗai ake samunsa, kuma yana fuskantar barazanar ƙarewa. Motoci na yi masa mummunar ɓarna.

In kun gan shi tsakar hanya, idanunsa na ƙyalli a hasken fitila, ku faka a gefe, ku ɗauke shi da hannu biyu, ku ajiye shi a ɓangaren da ya dosa. Kada ku kai shi wani tafki daban, ya san inda za shi. Daga nan a wanke hannu, fatarsa tana da dafi.

Masu tocila da riga mai ƙyalli a bakin titi 'yan sa-kai ne masu ceton kwaɗin, irin su ƙungiyar Toad NUTS. A ba su hanya.

Mai wurin ninƙaya a gida kuma ya jingina katako a ciki, don kwaɗon da ya faɗa ya samu mafita.