Darasi na 9: Fitsarin da ba ya jira

Ƙoda ce ke tace fitsari daga jini, ta tura shi mafitsara ya taru. Mafitsarar babban mutum tana ɗaukar kusan rabin lita. Mai lafiya yakan zagaya sau 6 zuwa 8 daga safiya zuwa wata safiyar. Amma akwai waɗanda tsokar mafitsararsu ke matsewa tun ba ta cika ba. Sai fitsari ya taso musu farat ɗaya, wani lokaci har ya zubo kafin su kai bayan gida. Da dare ma su tashi sau 2 ko 3.

Wannan ciwo yana kama maza da mata, ya fi yawa ga masu shekaru. Abin da ya fi ciwo shi ne ɓoyewa. Dattijo ya daina zuwa jam'i don tsoron karyewar alwala. Mace ta ƙi shiga motar Garwa zuwa Ngaundere, ta ƙaurace wa suna da biki, ba ta faɗa wa kowa dalili ba. Wannan lalura ce, kuma tana da magani. Game da alwala kuwa, malaman fiƙihu sun yi bayanin sauƙin da ke kan mai lalurar fitsari, sai a tambayi liman.

Ku fara da abin da kuke sha. Goro, shayi mai kauri, kofi da baƙin lemon kwalba duk suna da sinadarin kafeyin, wanda ke tsokanar mafitsara. Ku rage su, musamman bayan la'asar. Amma don Allah kada ku daina shan ruwa. Da yawa suna yin haka, kuma kuskure ne babba. A zafin Maris da Afrilu, ma'auni yakan wuce 40 a Marwa da Kusiri. In ruwa ya yi ƙaranci a jiki, fitsari ya yi kauri, ya ƙara takura wa mafitsara. Ku sha kamar lita 1 da rabi zuwa 2 a rana, kaɗan-kaɗan, ku tsagaita awa 2 kafin kwanciya.

Mafitsara tana koyon haƙuri. In fitsari ya taso, kada ku ruga. Ku tsaya cak ko ku zauna, ku matse tsokar ƙasa kamar mai riƙe iska cikin jama'a, har matsin ya lafa, sannan ku tafi a hankali. Makon farko ku jinkirta minti 5, na gaba minti 10, haka har tazarar da ke tsakanin fitsari da fitsari ta kai awa 3. Wannan yakan ɗauki mako 6 ko fiye. Ita tsokar ƙasan ku riƙa motsa ta kullum: matsewa ta daƙiƙa 5, saki na daƙiƙa 5, sau 10, safe da rana da dare, har wata 3. Rage ƙiba da magance taurin bayan gida su ma suna taimakawa.

Wasu alamu kuwa na asibiti ne, ba jira. Jini a fitsari, musamman ga masu shiga Binuwai, Logon, tafkin Lagdo ko gonakin shinkafa na Yagwa, yana iya zama tsargiya. Zafin fitsari da zazzaɓi alamar ƙwayar cuta ce. Yawan fitsari da ƙishirwa da rama, a auna sukari. Dattijon da fitsarinsa ke fita da ƙyar, a duba shi. Macen da ke zuba dare da rana bayan doguwar naƙuda, wannan yoyon fitsari ne, aiki ake yi mata. Mai shan maganin hawan jini ya nuna wa likita kwalin, don wasu suna ƙara fitsari, amma kada ya daina sha da kansa.

Aikin gida: ku ja layi a tsakiyar takarda. Hagu ku rubuta lokaci da abin da kuka sha, dama ku rubuta lokacin da kuka zagaya, ku sa alama in ya zubo. Ku yi haka kwana 3, ku tafi da takardar wurin likita.