Ga 'yan Sakkwato masu shirin zuwa Niyok: ku fara da laburare

Tun da na dawo gida hutu, zaurenmu na Mabera ba ya rabuwa da baƙi bayan La'asar, yawancinsu samari ne da takardunsu na Amurka suka fito. Tambayoyinsu ba sa wuce nawa ake samu a wata, ina masallaci yake, kuma ina ake sayar da naman halal. Idan na ce musu laburaren unguwa ne wurin da ya kamata su nema a makon farko, sai su yi murmushi irin na wanda ke ganin tsufa ya fara kama ni. Ƙanen wani abokina ma cewa ya yi: "Yaya, ai ni neman kuɗi za ni." Haka ni ma na faɗa a 2021, kuma sai da na yi asarar dala 1,800 kafin na daina faɗa.

Batun masallaci da nama kada ya dami kowa. Hausawan Gana da na Nijar sun daɗe da kafuwa a yankin Bronx na birnin Niyok, kuma alhamdu lillahi jama'armu ba ta barin baƙo ya kwana da yunwa. Jirgin ƙarƙashin ƙasa kuwa, ɓata biyu ko uku ya isa ya koya wa mutum hanya.

Inda ƙafa ke zamewa shi ne muhalli da shaidar adireshi. Ni wani ɗan gida ne ya haɗa ni da mai gidan da na fara zama, ɗaki ɗaya a kan dala 900 a wata. Mai gidan ya nemi kuɗin wata biyu a matsayin ajiya, ban da hayar watan farko, na ƙirga masa tsaba a hannu, kuma kunya ta hana ni neman rasit saboda wanda ya kawo ni yana tsaye a wurin. A Sakkwato dattijo ɗaya ya shaida magana ya wadatar, shi ya sa ban ga abin tsoro ba. Babu takardar yarjejeniyar haya, babu sunana a takardar kuɗin wuta, don haka duk ofishin da na shiga aka ce in kawo shaidar inda nake zaune, sai in tsaya ina kame-kame. Da sanyin Janairu ya sauko, mai gidan ya riƙa kashe na'urar ɗumama gida da dare, ni da na tashi cikin zafin Afrilun Sakkwato na koma kwana da riguna uku da safa biyu. Ban kai ƙara ko'ina ba, domin an riga an tsorata ni cewa baƙon da ya yi ƙorafi korarsa ake yi. Ranar da na tashi daga gidan na nemi ajiyata, ya dube ni ya ce bai san da wata ajiya ba.

Bayan wata biyu da faruwar haka na shiga babban laburaren Bronx da ke titin Kingsbridge, don kawai in buga wata takarda a kwamfuta. A jikin allon sanarwa na ga za a yi zama a kan haƙƙin 'yan haya, kyauta, na shiga na zauna a kujerar baya. A nan na ji cewa tun 2019 dokar jihar Niyok ta hana mai gida karɓar ajiyar da ta wuce hayar wata ɗaya, kuma dole ya mayar da ita cikin kwana 14 bayan tashin ɗan haya, tare da bayani a rubuce na duk abin da ya cire. Na ji cewa daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu wajibi ne a ɗumama gida, da dare kada ɗumin ɗaki ya gaza kusan digiri 17 a ma'aunin salshiyas, kuma lambar 311 ake kira idan mai gida ya ƙi. Na ji cewa wanda ya yi kwana 30 a gida bisa halal ba a fitar da shi sai da umarnin kotu, ko da babu takardar haya. Akwai ma kotun ƙananan ƙararraki da mutum ke zuwa ba tare da lauya ba, amma da matar da ke bayanin ta tambaye ni ko ina da rasit ko saƙon waya da ke nuna na biya, sai na sunkuyar da kai.

Abin da ke ci mini rai shi ne har yanzu sababbin zuwa suna maimaita wannan, suna kuma biyan dillalai kuɗin cike takardun da ake koya wa mutum cikewa kyauta. Katin laburare ba a biyan ko sisi, kuma duk mai zaune, ko aiki, ko karatu a jihar ya cancanci samu. Laburare 92 ne ƙarƙashin tsari ɗaya a yankunan Manhattan da Bronx da Staten Island, Brooklyn da Queens kuwa kowace da nata tsarin. Tun Oktoban 2021 aka soke tarar jinkirin mayar da littafi, saboda haka wannan uzurin ma ya faɗi. Wanda ba shi da katin shaida ya tambayi ma'aikatan yadda ake neman IDNYC, katin da birnin ke bayarwa tun 2015 ba tare da an bincika matsayin zaman mutum a ƙasar ba.

Azuzuwan Turanci na manya ma kyauta ne, sai dai ana yin rajista ne zango-zango kuma gurbi yana cika da wuri. Ina roƙon magidanta musamman su bar matansu su je. Garin da Nana Asma'u ta aika jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata bai kamata 'ya'yansa su je wata ƙasa su bar mace ba ta iya yi wa likita bayanin ciwon ɗanta ba. Akwai lokacin karanta wa ƙananan yara labarai, akwai taimakon aikin gida ga 'yan makaranta, kuma a nan matata ta fara yin ƙawaye 'yan Senigal da Bangaladash.

Ɓangaren al'adu na bari a ƙarshe ne don na san yunwa ba ta jin wa'azi, amma yana da daɗi. Da katin laburaren ana samun tikitin shiga gidajen tarihi kyauta ta shirin Culture Pass da aka fara a 2018. Wanda ya taɓa leƙa Gidan Tarihi na Waziri Junaidu ya ji daɗin tsofaffin rubuce-rubuce, ya daure ya je Cibiyar Schomburg da ke titi na 135 a Harlem, inda aka tara tarihin baƙar fata, ake kuma yin laccoci da nune-nune, musamman a Fabrairu. Shi kuwa ƙanen abokin nan nawa jirginsa wata mai zuwa ne, na riga na rubuta masa adireshin laburaren Kingsbridge a bayan ambulan ɗin tikitinsa, na ƙara da cewa kada ya miƙa wa kowa dala ɗaya sai da rasit, ko da yayan mahaifinsa ne ya tsaya masa.