Idan Abinci Ya Tayar Wa Mutum Da Borin Jini Mai Tsanani

Kun sha tambayata abin yi idan wani ya ci alkama, gyaɗa ko ƙwai, leɓe ya kumbura, numfashi ya fara sarƙewa. Ga shi:

1. A janye abincin.

2. A yi masa allurar adirenalin (maganin gaggawa mai buɗe hanyar numfashi) a gefen cinya ta waje, ko ta kan wando ne.

Hattara: nan ake kuskure. Ƙwayar maganin ƙaiƙayi ba ta buɗe maƙogwaro, kada a tsaya jiran ta.

3. A kira motar asibiti.

4. A kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa. In numfashi yana yi masa wuya, ya zauna. Kada ya miƙe tsaye, don Allah.

5. Minti 5 babu sauƙi? A ƙara allura ta biyu.

6. A kai shi asibiti ko ya warware, domin abin kan dawo bayan sa'o'i.