Yadda Ake Kawo Kududdufi Cikin Ajin Yara

Da zarar shamuwa ta dawo ta fara ɗinka sheƙa a bishiyoyin gari, ruwan farko ya sauka a watan Mayu ko Yuni, kududdufai sukan fara cika, kwaɗi su hana mutane barci. Yaran rabin aji suna jin wannan kukan kowane dare, amma tambaye su daga ina kwaɗo yake fitowa, sai su ce daga rami. Ga yadda nake nuna musu da idonsu.

Kada a kai yara bakin kududdufi. Ɗan shekara 4 ba ya tsayawa inda aka ajiye shi, ga zurfi, ga tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa ne daga jikin ƙananan dodon koɗi da ke cikin ruwan, ta shiga ta fata, daga baya yaro ya kama fitsarin jini. Malama ko malami shi zai je, da sassafe, da safar hannu ta roba da bokiti da rariya. A laluba bakin ruwa inda ciyawa take. In an yi sa'a za a ga ƙwan kwaɗo, wani dogon zare mai yauƙi da baƙaƙen ɗigo a jere. In ya riga ya ƙyanƙyashe, a ɗebi talibambam kamar 10 zuwa 15, kada a zarce haka, cunkoso yana kashe su. A haɗa da kainuwa ɗaya ko biyu. Duk dodon koɗin da ya biyo, a tsince shi a mayar.

Ruwan da aka ɗebo a bar shi ya kwana biyu a inda yara ba sa zuwa, domin ƙwayar tsargiya ba ta wuce haka a raye in ba ta sami jikin mutum ba. Sannan a juye a faffaɗar roba mai haske wadda ake ganin ciki ta gefe.

Shekarar da na fara, ruwan ya yi mini duhu, sai na zubar na cika robar da ruwan famfo mai kyau. Da safe na tarar duk sun juya ciki sama. Sinadarin kulorin da ake zubawa a ruwan famfo ne ya kashe su. Wata yarinya ta tsaya a kansu ta ce, "Anti, za a yi musu salla?" Tun daga nan ruwan sama nake tarawa, in babu, na famfo ya kwana biyu a buɗe kafin a ƙara. Kuma ba a sauya ruwan duka, kashi ɗaya cikin uku ake ragewa bayan 'yan kwanaki.

A ajiye robar a inuwa kusa da taga, a rufe bakinta da yankin tsohon gidan sauro, in ba haka ba cikin mako guda ko kwana 10 za a yi kiwon sauro a aji. Abincinsu ganyen alayyafo ko latas ne da aka dafa ya yi laushi, ɗan kaɗan kamar farce. Yara za su so zuba musu biskit da gutsuren burodi. A hana, ruwan zai yi wari.

Darasin kansa minti 10 ne kowace safiya. Yara biyar-biyar su durƙusa, hannu a baya, su kalla. Ni ba na gaya musu abin da zai faru. Na kan ce, "Wannan kifi ne?" Kusan duk su ce e, ni kuma in yi shiru. Kowa ya zana abin da ya gani, a rubuta ranar a manna a bango. Wata safiya wani zai yi ihu cewa kifin ya yi ƙafa. Na baya ne suke fara fitowa, na gaba su biyo, wutsiya ta riƙa raguwa har ta ɓace. Sai a lokacin nake faɗa musu sunan talibambam, a jera zane-zanen su ga tafiyar tun daga farko. A nan ma ake yin ƙidaya, ƙafa nawa jiya, nawa yau.

Da ƙafafun gaba sun fito, a rage ruwan, a sa dutse wanda kansa ya ɗaro sama. Yanzu da huhu suke numfashi, in ba su sami wurin hawa ba sai su nutse. Ganye ma ba za su ƙara ci ba, ƙwari masu rai suke nema, mu kuwa ba mu da su. Don haka cikin kwana ɗaya ko biyu a zuba su a bokiti, yara su yi musu sai wata rana, kowa ya wanke hannu da sabulu, malama ta mayar da su kududdufin da ta ɗebo su da yamma, rana ta yi sanyi.