Yadda ake karanta tsohuwar majami'ar bakin teku: misalin Saintes-Maries-de-la-Mer

Ɗaliban zanen gine-gine na Yamai da ke zuwa kudancin Faransa sukan wuce wannan majami'a da sauri, su ɗauki hoto su tafi. Ba haka ake duba ta ba.

Ku fara tsayawa daga nesa. Garin Saintes-Maries-de-la-Mer yana yankin Camargue, inda kogin Rhône ke zuba cikin Bahar Rum, ƙasa ce ta fadama da yashi, ba dutse, don haka kowane dutsen ginin daga wani wuri aka ɗauko shi. Yawancin abin da ake gani na ƙarni na 12 ne. Tagogi ƙanana ne kuma kaɗan, saman bango mai giɓi-giɓi ne, a ƙarƙashinsa akwai ramukan da ake sako duwatsu kan mahara. Mafaka ce daga ƴan fashin teku, shi ya sa har rijiya akwai a cikinta.

A ciki ku dubi bakan gizo. Mai kamar rabin da'ira alamar tsarin Roman ne (wato Romanesque, salon ginin Turai na wajen ƙarni na 11 da 12), mai tsini a sama yawanci daga baya ya zo. Kaurin bango kuwa a bakin taga ake auna shi, ba a ƙofa ba, domin ƙofa an sha gyara ta. Sannan ku bi layin duwatsu da ido. Inda layin ya karye, ko girman dutse ya sauya, nan aka yi ƙari. A ƙarni na 15 an tsawaita ɗakin ibadar. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya samo asali ne daga haƙar da Sarki René na Anjou ya sa aka yi a 1448. In so samu ne kada ku je ranakun 24 da 25 ga Mayu, lokacin ziyarar ibada ta ƴan Gitan (al'ummar Roma, waɗanda ake kira Gypsy), ba wurin sa ƙafa balle awo.

Abin da ya fi amfani ga magini shi ne gindin bango. Iskar teku da damshin ƙasa suna shigar da gishiri cikin dutse. Ruwa ya bushe, gishiri ya daskare a cikin ƙananan kofofi, ya tsattsaga fuskar dutsen har ta koma gari. Ku shafa da tafin hannu za ku ga farin gari. Ƙarfen da aka ɗaure duwatsu da shi yakan yi tsatsa ya kumbura, ya fasa su.

Babban kuskure shi ne cike tsagin da ke tsakanin duwatsu da siminti. Siminti ya fi dutsen tauri kuma ba ya barin damshi ya fita, sai gishirin ya taru a bayansa, kamar yadda yaɓen siminti kan katangar laka ke ɓamɓarewa a Tawa bayan damina. Maimakon haka, ana kwaɓa farar ƙasa ta gini (wato chaux ko lime) mudu 1 da yashi mudu 3, yashin kogi wankakke, ba na bakin teku ba. A ƙwaƙule tsagin zurfin ninki biyu na faɗinsa, a jiƙa shi, a cusa kwaɓin kaɗan-kaɗan, a rufe da buhu mai laima na kwanaki don kada rana ta busar da shi kafin ya kama.