Yadda za ka karanta Charles Dickens ba ka yi gyangyaɗi a kai ba

Wani ƙanena a unguwar Nima ta Accra ya sayi littafin mutumin nan wajen masu tsofaffin littattafai a kasuwar Makola, shafi 20 ya yi ya ajiye wai turancin ya yi masa kauri. Na ce ɗan'uwa ai ba haka ake shigarsa ba.

Fara sanin mutumin tukuna. An haife shi 1812 a Portsmouth ta Ingila, yana shekara 12 aka kulle babansa a kurkukun Marshalsea saboda bashi, shi kuma aka tura shi kamfanin man takalmi a Landan yana liƙa takarda jikin kwalabe, sule 6 a sati. Yaran shushaina ɗin nan masu ƙwanƙwasa akwati a shataletalen Sakul na Accra, irin man da suke shafawa yake haɗa wa kaya. Abin bai taɓa fita ransa ba, shi ya sa ko'ina ka buɗe sai marayu da masu bin bashi da lauyoyi, don daga baya ya yi akawu a ofishin lauya kafin ya koma ɗauko labarin majalisa.

To sai zaɓi. Ɗauki A Christmas Carol na 1843, ɗan siriri ne, sannan Oliver Twist. David Copperfield ka bari sai ka saba, shi ne ya fi kama da rayuwarsa amma fa tubali ne.

Kuma kar ka ce sai ka haɗiye shi a zama ɗaya, shi kansa kaɗan kaɗan yake fitarwa, wani duk wata, Great Expectations ma duk sati daga 1860 zuwa 1861, mutane na jira kamar yadda mamanmu ke jiran ci gaban fim da yamma. Babi ɗaya cikin motar haya ta trotro ya isa. Kalmar da ba ka gane ba wuce ta, in ta dawo sau uku ka duba kamus. In ka samu wuri karanta da ƙarfi, shi ma haka ya riƙa yi gaban jama'a har Amurka. Kyauta suke a intanet, sauke a waya kafin a ɗauke wuta.

Ba waliyyi ba ne fa, ya rabu da matarsa 1858 bayan ta haifa masa 'ya'ya 10, wannan kam bai burge ni ba. Littafinsa Edwin Drood kuwa kar a sayar maka da shi a farko, Dickens ya rasu 1870 bai ƙarasa shi ba.