Yadda Za A Tantance Tallar Maganin Ƙwayoyin Halitta Na Asali Kafin A Biya Kuɗi

Asibitocin da ke alƙawarin sabunta gaɓoɓi da mayar da tsoho yaro ta hanyar allurar ƙwayoyin halitta na asali (wato "stem cells", ƙwayoyin jiki da ke iya rikiɗa su zama wasu nau'o'in ƙwayoyin jiki) sun yawaita, saboda haka wajibi ne majinyaci da iyalansa su yi bincike kafin su sayar da gona ko gida.

Da farko, a tambayi likita sunan cutar da aka tabbatar maganin yana warkarwa. Aikin da ake yi da waɗannan ƙwayoyi wanda ya daɗe da samun karɓuwa shi ne dashen ɓargo, wanda ake yi wa masu sankarar jini da masu amosanin jini, kuma an fara yinsa a Najeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. Shi ma yana da haɗari, kuma yana buƙatar mai bayarwa da ya dace, domin damar dacewar ɗan'uwa shaƙiƙi ɗaya ce cikin huɗu. Duk wanda ya ce allura guda tana maganin tsufa da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki, a guje shi.

Sannan a nemi takardar amincewar hukumar kula da magunguna ta ƙasar, a kuma karɓi bayanin illolin a rubuce. Wannan ya fi damuna, domin a jihar Fulorida ta Amurka mata uku sun rasa ganinsu, ɗaya daga cikinsu gaba ɗaya, bayan an yi musu irin wannan allura a ido a 2015.

A kai takardun wurin wani ƙwararren likita wanda ba shi da alaƙa da asibitin, ya duba su tukuna.